Yashin da Inna Ta Kai Kalaba

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. Duk wanda ya kawo waya gyara a butik ɗina, wato shagona na Dogon Dutsi, sai ya ja benci ya zauna, ya ce, "Sani, wai da gaske ka ga teku?" Ban ga teku ba. Na faɗa har bakina ya gaji. Kogi na gani, irin kogin da in da na san halinsa, ko ɗaure ni aka yi ba za a kai ni ba. To ga labarin tun daga tushe, wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta da kansa.

Wana Mamman shi ne ɗan farin Inna, kuma mai haƙar rijiya ne. Daga garinmu Ɗan Kassari har Kiyeshe akwai rijiyoyin da shi ya shiga cikinsu ya taɓo ruwa. Da masu injin furaj, wato rijiyar burtsatse, suka cika ƙasar, sana'ar ta mutu a hannunsa, ya ɗauki jaka ya yi kudu. Shekaru suka ja. Kiran waya ya koma sai da salla, kuma in ka yi masa magana sai ya yi ta cewa "mi?" Bayan kakar bara wani mutumin Kiyeshe ya dawo daga ci-rani, ya zo har gida ya ce ya ga Mamman a Kalaba, can ƙarshen Najeriya, yana nutso a kogi yana ɗebo yashi da bokiti, kunnensa na zubar da ruwa.

 Mamman ɗan fari ne, tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakin Inna ba, sai "wancan" ko "yaron ga". Amma washegari ta tafi wurin wata tsohuwa mai iskoki a bayan gari, ta dawo da magana ɗaya: doguwar ruwa ce ta riƙe shi saboda yashinta da yake kwasa. Maganin shi ne a ɗebi yashin ƙofar gidan da aka haife shi, uwarsa ta kai da hannunta ta zuba a makwancin ruwan. Yashi ya maye yashi, doguwa ta sake shi.

Ni kuwa kun san ni, ina cikin samarin da ba sa son a ambaci bori kusa da su. Na ce shirka ce, na jawo duk abin da na ji a wa'azi, har muryata ta fara tashi. Baba ya bar ni na gama, yana tufkar igiyar jaki.

"Ka ƙare?" ya ce. "To. Kai kay yi karatun lakwal, kai kas san hanya. Ka kai ta. Ka komo mani da su, su biyu."

Kabu-kabu biyu muka ɗauka, muka bi rairayi har iyaka. Inna ta riƙe rigar mai babur kamar za ta yage ta, ɗayan hannun na kan kwanon da ta ƙulle yashin a ciki da farin ƙyalle. A Bacaka masu kaki suka ce a buɗe kaya. Ɗaya ya kwance ƙullin, ya tsaya yana kallo. Ya murza, ya shinshina, har ya ɗanɗana.

"Hajiya, wannan mene ne?"

"Yashi."

"Na ina?"

"Na ƙohwar gidana."

Ya kira ɗan'uwansa, suka zuba kaɗan a tafin hannu suna juyawa a rana ko zinariya za ta ƙyalla. Ni dai har ina hango mu a tsare a bayan kantar 'yan sanda. Can babbansu ya fashe da dariya, ya ce, "Ku mutanen Nijar, yashin ya ishe ku har kun fara kai wa maƙwabta?" Ya ɗaure mata ƙullin da kansa. Inna ta sake kwancewa, ta sa na farkon ya kakkaɓe mata ɗan abin da ya rage a tafinsa.

A Jega muka shiga babbar mota. Akwai wani daji kafin Kwantagora inda direba ya kashe rediyo, ya ce kowa ya yi addu'ar da ya iya. Mota ta yi tsit, har jarirai suka yi shiru. Muna tsakiyar dajin sai muka ji wani abu ya fashe, tas! Ban san lokacin da na shige ƙarƙashin kujera ba, kaina cikin buhun albasar wani. Ashe taya ce. Da na ɗago, Inna na zaune ƙyam, ta riƙe hannun wata 'yar kasuwa 'yar kudu da ke kusa da ita, ita tana salati, matar tana kiran Yesu. Ba su da kalma ɗaya da suke ji tare, amma kafin a gama canza taya sun yi musayar ƙuliƙuli da ayaba. Inna ta dube ni, ga ɓawon albasa a gemuna, ta ce, "Ga mai rakiyata nan."

Da muka hau gadar Kwara na rufe ido. Inna ta leƙa taga, ta ce, "Wa ka shan ruwan ga duka?" Daga nan ƙasa ta canza. Itace ya rufe sama, zufa ta ƙi bushewa a jiki, Faransancin da nake taƙama da shi a Dutsi ya zama kuɗin da ba ya ci a kasuwar. In na tambayi ruwan alwala sai da hannu, kamar bebe.

A Kalaba akwai unguwar Hausawa, nan muka sauka wurin wani Basakkwace mai tsire, Malam Ummaru. Ya ba Inna ɗakin matarsa, ni na kwana a shago tsakanin buhunan gawayi, sauro ya yi bikin sallarsa a kaina. Da na faɗi wanda muke nema ya gane nan take. "Ba'aren nan na ƙasarku mai kunne ɗaya? Shina can bakin ruwa, wajen masu yashi." Washegari da la'asar ya kai mu da kansa.

Gidajen wurin na katako ne, a kan dogayen turaku. Kogin kuwa faɗi gare shi, ruwansa kalar koko, itatuwan da ke gefensa saiwoyinsu a waje kamar ƙafafun gizo-gizo. Ruwan ya cika har ƙarƙashin ɗakin, kana zaune kana ganinsa ta tsagin katako yana motsi. Na zauna a tsakiyar tabarma, na ƙi jingina da bango.

Mamman ya rame, sai ƙirjin da ya buɗe. In za ka yi magana sai ya juyo maka da kunnen hagu. Ya durƙusa gaban Inna, ita kuma ta kau da kai kamar yadda ta saba, ta ce mini, "Ce mishi mun same su lahiya." Sai wata mace ta fito daga ciki da yarinya a kwankwaso.

"Wagga matata ta, Afiyon," in ji Mamman, kansa a ƙasa. "Wagga kau Hawwa."

Hawwa sunan Inna ne. Inna ta miƙa hannu ta karɓi yarinyar, ta daɗe tana duba fuskarta. Na matsa kusa na raɗa mata, "Inna, ga doguwar taki nan, har da goyo." Hararar da ta yi mini ta ishe ni har yau.

Afiyon ta kawo teba da miyar ganye, manja na iyo a kai, da wasu ƙananan dodon koɗi da ake tsotsa da baki, tsut, kamar mai kiran kaji. Na ci don yunwa ba ta san ɗan gari ba. Inna ta dama busasshiyar furarta ta gida, ta sha, ta ba takwararta saura.

Da asuba Mamman ya fita da abokan aikinsa, ruwa na nan a cike. Afiyon ta goya Hawwa ta tafi kai kifi kasuwa. Ni na koma na kwanta don gajiya. Rana ta yi sama sosai Inna ta tashe ni. "Tashi ka gani."

Babu ruwa. Wallahi babu. Inda jiya kogi yake lasar turakun ɗaki, yau fili ne baƙi mai sheƙi, ya miƙe har nesa, kwalekwale na kwance a kansa a karkace, ƙananan ƙaguwa na ta guje-guje. Ruwan ya koma can tsakiya, ya yi siriri.

A nan ne sanin gida ya cuce mu. A wurinmu ruwa da hadari yake zuwa. Kori ya cika ya yi ta hauka, ka zauna ka jira ya wuce, ka tsallaka abinka, ba zai dawo ba sai an sake haɗa wani hadarin. Tafki in ya ja baya ya ja ke nan sai baɗi, har a bi shi da shuka. Saboda haka abin da na fara yi shi ne ɗaga kai in dubi gabas. Sama fes, ko gajimare babu. A lakwal an taɓa gaya mana teku na hawa yana sauka, har na rubuta a jarrabawa, amma wannan kogi ne, tekun ma ba a hango shi, ban haɗa su ba.

"Ta buɗe mani ƙohwa," in ji Inna. Ta ɗauko ƙullinta.

"Ni dai ba ni taka ƙahwata cikin shirka," na ce.

"Wa yac ce ka taka?"

Ta tuɓe takalmi ta sauka. Farkon wurin da ƙarfinsa, don nan jirage ke zubar da yashi. Ta wuce nan, ta shiga baƙar lakar, tana ɗaga ƙafa a hankali, tana ƙara nisa. Wasu mata da ke ƙyafe kifi can gefe suka miƙe suna ɗaga mata hannu suna surutu. Na zaci dariya suke yi wa tsohuwar ƙauye, har na ji haushi na juya musu baya. Inna ta kai kusa da bakin ruwan, ta sunkuya, ta kwance ƙyallen, ta zazzage yashin ƙofar gidanmu. Ta juyo za ta dawo, sai na ga ta gajarce.

Ƙafa ɗaya ta nutse har gwiwa. Ta dogara da ɗayar don ta zaro ta, ita ma ta bi. Na tsaya ina mata ihu, "Kin gani ko? Kin gani?" Da na ga laka ta kai mata cinya sai na diro na nufe ta da gudu. Ban yi rabin hanya ba nima ta kama ni. Wannan laka ba irin taɓon fadamarmu ba ce. Samanta kamar ta bushe, cikinta sanyi, babu inda ƙafa ke tsayawa, tana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. In ka ja, ita ma ja take.

Duk da haka ban gama tsorata ba. Na ce a raina, a bari maza su dawo su ciro mu, abin kunya ne kawai. Ina cikin wannan tunani idona ya sauka kan wani ganye a bakin ruwan. Ɗazu ruwan hagu yake bi, yanzu ganyen dama yake tafiya. Kogi na gudu da baya.

Ba ƙara, ba iska, ba tsawa. Ruwan ya riƙa shimfiɗowa kan lakar da ɗan kumfa a bakinsa, kamar an kifar da randa a tsakar gida, sai dai wannan ba ya ƙarewa. Ya fara cika ƙananan kwaruruka, har da wani da ke bayana, tsakanina da tudu. Ya taɓa Inna. Da yake rabinta na cikin laka, nan da nan ya kai mata ƙugu. Tsoron da na ji a dajin Kwantagora wasan yara ne. Na yi kururuwa da Hausa, na yi da Faransanci, na kira sunayen Allah duk da na sani. Ruwan ya zo kaina, na ji gishiri a bakina.

Matan nan suka taso da katako da igiya, Afiyon a gabansu, ta dawo daga kasuwa ta tarar da abin. Ta miƙa wa wata mata Hawwa, ta shimfiɗa katako, ta kwanta a kai rub da ciki, tana tura kanta da ƙafa ɗaya, ta wuce ni ko kallona ba ta yi ba. Ta isa wurin Inna ruwa ya kai mata ƙirji. Ta rungume ta ta baya, ta ja, ta ja, laka ta ƙi saki.

Can sai ga jiragen yashi sun ɓullo, don da cikar ruwa suke dawowa gida. Inna ta hango su. Ta ɗaga kai, ta buɗe baki, ta kira da muryar da ban san tana da ita ba.

"Mamman! Mamman!"

 Shi kuwa bai ji ba, kunnen da ya mutu ne ke wajenmu. Wanda ke tuƙi ne ya ga matan na kaɗa zane, ya dafa shi ya nuna masa. Mamman ya faɗa ruwa.

Bai tsaya jan ta ba. Ya ja numfashi ya nutse a gindinta, yana haƙe lakar da hannu daga ƙafafunta, kamar yadda yake yi a gindin rijiya. Ya ɗago, ya shaƙi iska, ya koma. Ruwa ya kai wa Inna wuya. Afiyon ta tallafe mata haɓa tana ɗaga fuskarta sama, Inna tana kalmar shahada, ruwa na shiga bakinta. Ya sake nutsewa, ya daɗe har na ce shi ma ya tafi. Sai na ga Inna ta yi sama gaba ɗaya kamar an tumɓuke rogo. Mamman ya ɓullo bayanta, jini na bin wuyansa daga kunne.

Ni mata ne suka jefo mini igiya suka ja ni kamar jakin da ya faɗa rami. Na fito, wandona bai fito ba. Wata tsohuwa ta ba ni zane na ɗaura, na zauna a tudu ina kuka a gaban kowa, kuma ban ji kunya ba.

Da la'asar, bayan Afiyon ta gasa wa Inna jiki da ruwan zafi, Mamman ya zaunar da ni a bakin matakala. Ruwa ya sake cika har ƙarƙashinmu kamar bai taɓa zuwa ko'ina ba.

"Laihina na da ban hwaɗa muku ba," ya ce. "Wanga ba kori ba na. Teku na can ƙasa, shi ka turo ruwa sama sau biyu kullum, shi kuma janye abinai. In wata ya tsaya ko ya cika, ya hi janyewa nesa, ya hi komowa da ƙarhi."

Ya ɗebi ruwan a kwalba, ya jefa ɗan yashi da laka da ya ɗebo daga ƙasan ruwa, ya girgiza ya ajiye. Nan take yashi ya zauna a gindi, sama ta rage a gurɓace.

"Ka gani? Yashi nauyi gare shi, tsakiya shika zama inda ruwa ka gudu, shi muka nutso ma. Ramin da munka haƙa yau, kwana kaɗan kogi ya cike shi da wani. Laka kau sai ruwa ya gamu da gishiri, ya tsaya cik, sannan ta kwanta gehe sannu-sannu, awa ƙullu cikin ƙwarya. Ita ta kama ku."

"To yashin Inna hwa?"

"Ruwan ga bai barin komi inda anka aje shi. Ya yi sama da shi yanzu, anjima shi komo da shi."

Na gaya masa saƙon Baba. Ya juyo kunnen hagu, ya sa na maimaita, ko da yake na san ya ji.

"In koma in haƙa mi, Sani? Furaj ta cinye rijiya. Nan ga mata, ga ɗiya, ga jirgin da ni ka shiga. Ce ma Baba shi yi mani gahwara."

Na yi faɗa, na yi lallashi, na nuna masa jinin da ya bushe a wuyansa. Ko gezau. Washegari da ruwa ya fara ja, ya toshe kunnen da auduga ya bi jirgi.

Mun ƙara 'yan kwanaki don ƙafafun Inna su warware. Ba ta sake zancen doguwa ba, ni ma ban sake zancen shirka ba. Kullum tana zaune a matakala da Hawwa a cinya. In ruwa ya janye, ko fura ba ta sha. In ya juyo sai ta miƙe tsaye, ta riƙe turke, ba ta zama sai ta ga jirginsa ya ɓullo, ta ga kansa a ciki. Sannan ta kau da fuska kamar ba shi take jira ba.

Ranar tafiya na ɗaure jakata, na ga kayanta a warwatse yadda suke.

"Inna, mota ba ta jira."

"Ka tahi."

"In tahi ina? Baba cewa yay yi su biyu."

"Na ji shi, ina nan sa'ad da yah hwaɗi." Ta gyara wa Hawwa ɗankwali. "Na taka abin ga da ƙahwata, Sani. Na san inda shika shiga kullum. Ba ni iya zama Ɗan Kassari in jira waya ta yi kuka. Ranar da wancan ya tashi, tare muka tahowa."

Na durƙusa, na roƙe ta da girman Allah, na ce da wane ido zan dubi Baba. Ta ce da idon da na dube ta tana cikin laka. Afiyon ta raka ni har bakin hanya, ta cusa mini ƙullin busasshen kifi a jaka, ta dafa ƙirjinta ta nuna ɗakin, wato ta ɗauki amana.

Hanyar dawowa ba ni da abin faɗa a kanta. Mun bi ta dajin nan, direba ya kashe rediyo, ni ban ma lura ba sai da muka fita.

Na isa Ɗan Kassari da rana tsaka. Ashe Baba ya sa an yi wa tsohon ɗakin Mamman sabuwar jinka, ga rago ɗaure a gindin bedi. Yara sun hango ni tun daga nesa sun kai labari, na tarar da shi tsaye a ƙofar gida da rigarsa ta Juma'a. Na sauka daga kabu-kabu. Bai dube ni ba, hanya yake duba ta bayana, yana jiran babur na biyu. Ya duba har ƙurar nawa ta kwanta.

Na tsuguna na ba shi labari duka, ban rage komai ba.  Sannan ya kira ƙanwata Rabi, wadda ta ɗora babbar tukunya tun da aka ce ga mu nan, ya ce ta sauke ta ɗora ƙarama.